Shafin RCSB PDB da ƙofar potasiyam: ya cancanci datarka

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, musamman na likitanci da famasi da aikin jinya da masu karanta fiziyoloji da bayokemistiri, har da malamai irina da ke tsayawa gaban allo suna fama da zana abun da ba ya zanuwa. Yau sharhi nake so in yi muku a kan wani shafi mai suna RCSB PDB, kuma bari in faɗi matsayata tun yanzu kar in ja ku da nisa. Shafin nan ya cancanci datarku da lokacinku, kyauta ne, ba rajista, ba a tambayarka lambar kati, ba tallan da ke faɗo maka a fuska, amma fa shi ba ya koyarwa, in ka shiga ba ka da tambaya a ranka launuka kawai za ka gani masu kyau ka jujjuya su ka fita ba ka ƙaru da komai ba. Ni tambayar da na shiga da ita ta ƙofar potasiyam ce, don haka da ita zan auna shi.

Shi dai PDB rumbun adana siffofin furotin ne da su DNA, an kafa shi a 1971 a ɗakin binciken Brookhaven da ke Amurka da siffofi 7 kacal, yanzu sun haura 200,000. RCSB su ne ɓangaren Amurka masu kula da shi, cibiyarsu tana Jami'ar Rutgers, suna da takwarori a Turai da Japan kuma bayanan duk ɗaya ne. Duk masanin da ya gano siffar wani furotin sai ya kawo lissafin inda kowane atam yake ya zuba a nan, kowace siffa a ba ta lamba mai harafi huɗu. Wato ainihin abun da masu binciken suka auna ne ake miƙo maka a hannu, kai da kake Zariya ko Maraɗi da wanda yake Landan abu ɗaya kuke kallo, wannan kaɗai ni ya isa in yaba musu.

To ga tambayar. Kowane sel na jikinmu tantani ne na kitse ya kewaye shi, kuma ayon, wato atam mai ɗauke da caji irin su potasiyam da sodiyam, ba ya iya ratsa kitsen nan sai ta ƙofofin furotin da aka dasa a ciki. A cikin sel potasiyam ya kai wajen milimola 140 a lita, a waje kuwa 4 zuwa 5 ne, shi ne 3.5 zuwa 5.0 ɗin nan da kuke gani a takardar gwajin ƙoda, sodiyam kuma akasin haka, a waje yake da yawa. Famfon nan mai fitar da sodiyam 3 ya shigo da potasiyam 2 shi ke riƙe wannan bambanci, su kuma ƙofofin potasiyam da ke barinsa ya ɗan riƙa zurarewa waje su ne suka sa cikin jijiya yake zaune a wajen milibolt 70 ƙasa da sifili, kuma su ke dawo da jijiya da tsokar zuciya daidai bayan kowane bugu. Duk wannan an koya mana kuma mun haddace. Abun da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, potasiyam ya FI sodiyam girma. Daga tsakiyarsa zuwa gefe angistirom 1.33 ne, na sodiyam 0.95, angistirom ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na mita, kuma cajinsu iri ɗaya ne sak. Amma ƙofar nan babban take bari ya wuce ta tare ƙaramin, da fifikon da ya kai dubu zuwa dubu goma a kan ɗaya, kuma ba a hankali take yi ba, ayon kusan miliyan 100 ke iya wucewa a sakan ɗaya. Duk wadda ta taɓa tankaɗe ta san rariya gari take saki ta riƙe tsaki, to wannan tsakin take saki ta riƙe garin. Ta yaya? Handawut ɗinmu yawanci layi ɗaya yake bayarwa, wai akwai matata mai zaɓe, shi ke nan a wuce gaba, ɗalibi ya rubuta a jarrabawa ya samu maki alhali bai san abun da ya rubuta ba, kuma wallahi wannan yana damuna.

Ga yadda za ka yi. Ka shiga shafin, a akwatin bincike na sama ka rubuta 1BL8. Wannan ita ce siffar farko da aka taɓa gani ta ƙofar potasiyam, Roderick MacKinnon da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta New York suka fitar da ita a 1998, daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Streptomyces lividans, sunan furotin ɗin KcsA. Aikin nan ne ya kai shi ga lambar Nobel ta kemistiri a 2003, suka raba da Peter Agre wanda ya gano ƙofofin ruwa. A ƙarƙashin hoton da ke gefe akwai inda aka rubuta Structure, ka danna, sai wata manhaja mai suna Mol* ta buɗe a cikin burawuzarka ba sai ka sauke komai ba. Za ka ga sassa huɗu iri ɗaya kowanne da launinsa sun haɗu sun yi da'ira, in ka juya da yatsa ka leƙa ta sama sai ka ga rami a tsakiya daidai inda huɗun suka haɗu, in ka kalla ta gefe kuma ka ga ɓangaren da ke fuskantar wajen sel ya fi faɗi, na ciki ya tsuke. Akwai ma zaɓin da ke zana maka inda tantanin ya fara da inda ya ƙare, wannan yana taimakawa sosai sabida ɗalibai da yawa ba sa gane ina ne waje ina ne ciki.

Amma 1BL8 don tarihi ne da ganin fasali, kaifinta angistirom 3.2 ne, a nan ƙaramar lamba ta fi kyau. Inda daɗin yake shi ne 1K4C ta 2001 mai kaifin 2.0, daga ɗakin binciken nasu dai. Nan zan ɗan ja ku sabida nan ne mutum ke ruɗewa. Da ta buɗe za ka ga wasu manya-manyan dunƙule a saman ƙofar har sun fi ta girma, waɗannan ba nata ba ne, guntayen antibodi ne da masu binciken suka manna mata don ta yarda ta zama kiristal, wato daskararren ƙwaya da ake haska wa X-ray a gano siffar. Shafin ba zai tsaya ya gaya maka haka da manyan baƙi ba, sai ka duba jerin sarƙoƙin a shafin farko ka ga biyu na antibodi ne ɗaya ce KcsA. Ka ɓoye na antibodin ko kawai ka yi zum ka wuce su. Sannan ka tabbata abun da ke buɗe shi ne cikakken haɗin da suke kira Assembly, sabida in ka koma kan Model sashe ɗaya cikin huɗu kawai za ka gani, matatar kuma ba ta da ma'ana in ba huɗun sun haɗu ba.

Yanzu ka duba can saman ramin za ka ga wasu ƙwallaye ruwan makuba a jere kan layi ɗaya, su ne potasiyam ɗin. Ka danna ɗaya daga cikin na tsakiya. Nan ne manhajar ta burge ni ƙwarai, da kanta take matsowa kusa ta fito da duk atam ɗin da ke kewaye da shi, ta ja ɗigo-ɗigon layi daga ƙwallon zuwa wasu jajayen atam. Ka ƙirga jajayen nan. Takwas ne, huɗu a sama huɗu a ƙasa, oksijin ne, kuma kowane sashe na furotin ɗin ya bayar da biyu. Ka danna na gaba, takwas. Duk tsawon matatar angistirom 12 ne kawai, zobe biyar na oksijin huɗu-huɗu, tsakanin kowane zobe biyu akwai mazauni ɗaya, mazauni huɗu ke nan da ake kira S1 zuwa S4 daga waje zuwa ciki. Amino asid biyar, wato tubalan da ake jerawa a gina sarƙar furotin, su ne suka gina wajen, a taƙaice T V G Y G, lamba 75 zuwa 79, za ka same su a layin haruffan da ke saman allo kuma in ka taɓa harafi sai ya haska maka shi a cikin siffar. Zobe huɗu daga oksijin ɗin kabonil, wato kabon mai manne da oksijin, na ƙashin bayan sarƙar suke, na biyar na can ƙasa daga hannun gefe na tiriyonin, wato T ɗin nan na 75. Waɗannan haruffa kusan su ne dai a ƙofofin potasiyam na bakteriya da na tsiro da na ƙuda da naka da nawa, shi ya sa furotin ɗin bakteriyar ƙasa yake iya ba mu labarin zuciyar ɗan Adam.

Sai ka gangaro ƙasa da matatar, akwai wani ɗan fili a tsakiyar tantanin mai faɗin kusan angistirom 10, cike da ruwa, da potasiyam ɗaya zaune a ciki. Danna shi. Jajayen da ke kewaye da shi su ma takwas ne, huɗu sama huɗu ƙasa, sai dai waɗannan na ruwa ne. Ni a nan ne nake tsayar da ɗalibai in ce kar kowa ya yi magana, ku kalli na ƙasa ku kalli na sama. Amsar tambayar gaba ɗaya tana cikin hotunan nan biyu. Ayon a cikin jini ko cikin sel ba shi kaɗai yake yawo ba, ƙwayoyin ruwa ne manne da shi ta ɓangaren oksijin ɗinsu sabida cajinsa yana jan su, kuma raba shi da ruwan nan yana cin makamashi mai yawa. Matatar ta yi ƙunci, ba mai shiga da ruwansa, dole ya sake shi a bakin ƙofa. To shi potasiyam da ya saki oksijin takwas na ruwa sai ya tarar da wasu takwas na furotin suna jiransa a tsari iri ɗaya da tazara kusan iri ɗaya, abun da ya rasa an mayar masa nan take, don haka shigar ba ta ci masa komai ba. Akwai kayan awo a manhajar, ka zaɓi potasiyam ka zaɓi oksijin ɗaya ka ce ta auna, za ta ba ka wajen 2.7 zuwa 3 da ɗoriya, ka gwada da hannunka kar ka yarda da ni kawai. Shi kuwa sodiyam da yake ƙarami cajinsa a dunƙule yake, ya fi riƙe ruwansa da ƙarfi, yana son oksijin su matso shi zuwa wajen 2.4 kuma biyar ko shida sun ishe shi, mazaunin nan bai ba shi haka ba, in ya saki ruwansa asara zai yi, sai ya zauna a waje da ruwansa. Ƙanƙantar tasa ita ce ta hana shi. Wasu masana biyu, Bezanilla da Armstrong, sun kawo wannan tunani tun 1972 daga awon lantarki a jijiyar wata dabbar teku ba tare da sun ga ko atam ɗaya ba, sai bayan shekara 26 hoto ya zo ya nuna oksijin ɗin a jere, kuma yau ga shi a wayarka.

Wani abun da nake so ku duba da kyau shi ne G biyun nan, gilaisin. Shi ne amino asid ɗin da ba shi da hannu a gefe, don haka sarƙar tana iya murɗewa a wajensa yadda duk oksijin ɗin za su fuskanci cikin rami gaba ɗaya, abun da sauran amino asid ba sa yarda da shi cikin sauƙi. Y ɗin kuma, tairosin na 78, hannunsa baya ya juya, ya bar ramin ya shiga cikin jikin furotin ya haɗu da wasu tiriftofan biyu na 67 da 68, su ne suka tallafe matatar ta baya. Sannan akwai wasu gajerun murɗaɗɗun sanduna huɗu da suka karkato suka nuna tsakiyar filin ruwan nan da ƙarshensu mai jan caji irin na potasiyam, su da ruwan suka sa ayon yake iya zama a tsakiyar kitse bai damu ba. Duk wannan a allo ba ya fita, na sha ganin malami ya zana layi biyu da ɗigo a tsakiya, iyakar abun da alli zai iya ke nan, ba laifinsa ba ne.

To yanzu inda shafin ya gaza, ko in ce inda zai iya ɓatar da kai in ba ka da jagora. Na farko kuma mafi girma, hoton a daskare yake. A 1K4C za ka ga potasiyam a duk mazauni huɗun lokaci guda, ɗalibi sai ya tafi da cewa huɗu ne ke zama a ciki kullum. Hoton kiristal matsakaici ne na ƙofofi masu ɗimbin yawa da aka haɗa, kuma bayanin da su MacKinnon suka bayar shi ne biyu ne a ciki a lokaci ɗaya, ko a S1 da S3 ko a S2 da S4, da ƙwayar ruwa a tsakaninsu, in na uku ya shigo ta baya sai layin ya matsa na gaba ya fice. Wannan ture-turen shi ne sirrin saurin, sabida mazaunin yana riƙe potasiyam da kyau amma 'yan uwansa masu caji iri ɗaya suna ingiza shi, da shi kaɗai ne da ya maƙale. Wasu masanan biyu, Hodgkin da Keynes, sun hango tafiyar layi ɗaya ɗin nan tun 1955. Kuma maganar ba ta mutu a nan ba, a 2014 wasu masu bincike da suka kwaikwayi motsin a kwamfuta suka ce babu ruwa a tsakani, ayon ɗin gogar juna suke kai tsaye, har yanzu ana kai ruwa rana a kan wannan. Haka ma batun tazarar, a 2004 Benoît Roux da abokan aikinsa suka nuna cewa matatar ba sandararriya ba ce, atam ɗinta suna rawa fiye da bambancin girman da ke tsakanin sodiyam da potasiyam wanda bai kai rabin angistirom ba, don haka dacewar girma kaɗai ba za ta isa bayani ba, sai an haɗa da irin cajin kabonil ɗin da yawansu da yadda suke tunkuɗe juna in suka yi ƙoƙarin matsowa kan ƙaramin ayon. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da za ka gani a manhajar. Ban ɗora musu laifi ba, aikinsu ajiya ne, amma malamin da zai kai ɗalibai wajen dole ya faɗa musu da bakinsa.

Sai dai akwai dabarar da za ka sa shafin ya ɗan nuna maka motsi, ita ce kwatanta siffa biyu. Ka buɗe 1K4D, wannan furotin ɗin ne dai amma an yi kiristal ɗinsa a ruwa mai ƙarancin potasiyam, za ka ga matatar ta lotsa ta tsakiya, oksijin ɗin sun karkace, mazaunan tsakiya sun ɓace. Wato potasiyam ɗin da kansa yana cikin abun da ke riƙe matatar a buɗe, in babu shi rufewa take yi. Shafin yana da kayan ɗora siffa kan siffa, ka saka lambobin biyu ya haɗa maka su ka ga bambancin da idonka, na ji daɗin wannan sosai duk da sai ka ɗan laluba kafin ka same shi a cikin jerin kayan aikin. Sannan ka nemi wata ƙofa mai suna NaK ta bakteriyar Bacillus cereus, ita haruffanta T V G D G ne, harafi ɗaya ya canza, mazauni biyu na sama suka lalace saura biyu, kuma tana barin sodiyam da potasiyam duka su wuce. Da aka gyara mata haruffan mazauni huɗu suka dawo sai ta koma zaɓar potasiyam. Wannan ya nuna maka yawan mazaunan a jere ma yana cikin lissafi.

Batun waya da kwamfuta. A waya yana buɗewa kuma juyawa da zum da yatsa biyu suna tafiya lafiya in wayar ba ta tsufa sosai ba, datar da siffa ɗaya ke ci ba ta kai ta ɗan gajeren bidiyo ba, kuma da ta gama buɗewa ko netwok ya ɗauke za ka ci gaba da juya ta. Amma maɓallan gefe ƙanana ne kuma suna rufe rabin allo, aikin awo da ɓoye sarƙa a waya sai mai haƙuri, in kana da laftof ko za ka iya aro ka yi da linzami ya fi sau goma. In aji za ka nuna wa, ka buɗe tun kana inda sabis yake da ƙarfi ka bar shafin a buɗe, ko ka ɗauki hotuna da maɓallin kyamarar da ke ciki ka tura a guruf ɗin aji. Komai da Turanci yake, Turancin ma na masana, wanda yake aji ɗaya a jami'a zai sha wuya a shafin farko da ke cike da lambobi da jadawalin ingancin siffa. Abun da ke rage wannan shi ne ɓangarensu na koyo mai suna PDB-101, akwai gajeren bayani a kan ƙofofin potasiyam da zane mai kyau cikin sauƙin harshe, ni shawarata a fara da can kafin a taɓa 1K4C. Wani gargaɗin kuma, yanzu shafin yana haɗawa da siffofin da kwamfuta ta hasasho irin na AlphaFold in ka kunna maɓallinsu a wajen bincike, suna da amfaninsu amma ba ayon a cikinsu ba ruwa, don wannan tambaya tamu ka bar maɓallin a kashe.

Wani zai ce to mu da muke fama da maleriya da ciwon suga me ya haɗa mu da furotin ɗin bakteriyar ƙasa. Wallahi da yawa. Gilibenkilamaid da ake rubuta wa iyayenmu masu suga aikinsa rufe wata ƙofar potasiyam ce a sel ɗin da ke yin insulin, da ta rufe sai cajin sel ɗin ya tashi, kalsiyam ya shiga, insulin ya fito. A zuciya akwai wata mai suna hERG da ke dawo da tsoka daidai bayan bugu, magunguna da yawa suna shiga filin nan na ƙarƙashin matata su toshe ta, cikinsu har da kwinin da kulorokwin da halofantirin, shi ya sa ake jan kunne a kan tsawaitar QT, wato jinkirin dawowar zuciya daidai bayan bugu, a takardar ECG ta awon bugun zuciya, kuma saboda wannan matsala aka janye wasu magunguna daga kasuwa kamar su tafenadin da sisafiraid. Siffar hERG ɗin tana nan a shafin tun 2017, ka rubuta sunanta kawai, za ka ga matatar irin wadda ka riga ka sani sai dai ita G F G ne a maimakon G Y G. Har dafin kunama ya shigo ciki, sabida kafin a samu hoto da wani guba daga dafin kunama MacKinnon ya yi amfani ya laluba inda bakin ƙofar yake, guban yana zama a bakin ramin ta waje ya cusa hannun laisin ɗinsa mai caji a ciki ya toshe. Ɗalibin famasi da ya taɓa juya filin nan da yatsansa, ranar da ya ga an haɗa wa tsoho mai ciwon zuciya magani biyu masu tsawaita QT zai tsaya ya kira likita, ba zai miƙa kawai ba.

Ga malamai 'yan uwana, minti ashirin na darasi sun isa. Ku ba kowane rukuni lambar 1K4C, ku ce su danna ayon na cikin fili su ƙirga, su danna na cikin matata su ƙirga, su auna tazara ɗaya su rubuta a takarda, sannan ku tambaye su me zai faru da sodiyam in ya zo wajen, ku bar su su yi gardama kafin ku ba da amsa. Waya ɗaya ta ishi mutum huɗu ko biyar. Wanda kuma yake son ya wuce nan, fayil ɗin siffar ana sauke shi kyauta daga shafin, a buɗe shi a manhajar PyMOL ko ChimeraX a laftof ba tare da intanet ba, can ne za ka iya yanke furotin ɗin gida biyu ka bar sashe biyu masu fuskantar juna kawai, ka ga layin potasiyam ɗin a tsakiya yadda ake buga shi a littattafai.